Yaronmu Ya Fara Mafarki

A makarantar kwana inda muke koyarwa, akwai abin da muke gani kowace shekara. Da asuba, tun ba a buga ƙararrawa ba, sai mu tarar da yaro shi kaɗai a bakin famfo yana wanke gajeren wando cikin sanyin hunturu. Da ya hango mu sai ya ɓoye shi a bayansa kamar ɓarawo. Mun san abin da ya faru. Ya yi mafarkin balaga, ya farka ya ga wandonsa a jiƙe, ba kuwa wanda ya taɓa gaya masa ranar nan tana zuwa.

Wani a cikinsu ya yi wata biyu yana ramewa. Abokai sun ce masa ciwon sanyi ne, wani ya ce aljana ce ta aure shi. Kuɗin guzurinsa suka ƙare wajen mai magani a tasha, ya kuma daina zuwa sujada domin yana ganin kansa ƙazami. Da muka zaunar da shi, zancen bai kai minti goma ba.

Ga abin da muka faɗa masa. Tsakanin shekara 9 da 14 jikin ɗa namiji yakan fara sakewa: murya ta buɗe, gashi ya tsiro, maraina su soma yin irin haihuwa. Daga nan maniyyi yakan fita da kansa cikin barci, wani lokaci da mafarki, wani lokaci babu. Wani yakan yi a kai a kai, wani jefi-jefi, wani ba ya yi sam, dukansu kuwa lafiyarsu lau. Ba ya rage ƙarfi, ba ya hana haihuwa, ba ya bukatar magani.

To, zunubi ne? Tambayar da ta fi damun yaranmu ke nan. A duba Littafin Firistoci 15:16-17. Abin da Shari'ar Musa ta ɗora wa mutum shi ne ya yi wanka, ya wanke tufarsa, ya jira faɗuwar rana. Ba a ce ya kawo hadaya ba. Mai barci ba ya zaɓen abin da jikinsa zai yi.

Abin mamaki, muna tsoron abin da ba cuta ba, muna ƙyale cutar gaske. A waɗansu ƙauyuka, in yaro yana fitsarin jini sai a ce alamar girma ce. Ba haka ba ne, 'yan'uwa. Sau da yawa tsargiya ce, wadda ake ɗauka wajen wanka a kududdufi ko rafi, tana kuwa da magani a asibiti. Jini, ko mugunya, ko zafi wajen fitsari, waɗannan na likita ne.

Mun san kunya. Uba da ɗan fari ko sunan juna ba sa kamawa, balle wannan zance. In baki ya yi nauyi, a sa kawu ko baffa, amma a yi tun yaron yana shekara 11, kafin abokai su riga mu. Ku kuma iyaye mata, ran da kuka ga ɗanku ya fara wanke zanen gadonsa da kansa, kada ku tambaye shi, kada ku bar ƙannensa su yi masa dariya. A ajiye masa sabulu da bokiti inda hannunsa zai kai.