Labarin Garinmu Yana Hannun Wa?

Muna roƙo ku ba mu aron hankalinku kaɗan, mu 'yan Karaye da Rogo da ke koyon aikin malanta a nan, mu faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya.

Kowa ya san abin da ya auku ga sarautar ƙasarmu cikin 'yan shekarun nan. A shekara ta 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a doka, aka ɗaukaka Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya tare da Bichi da Rano da Gaya, aka ba Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu sanda. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a wata doka, aka rushe su duka. Da watan Yuli na wannan shekara ya kama, sai aka sake kafa Karaye, amma da daraja ta biyu, aka bar mata ƙananan hukumomi biyu, watau Karaye da Rogo, aka naɗa Alhaji Muhammadu Maharazu. Ba mu zo nan don mu ce wannan Gwamna ya kyauta, wancan bai kyauta ba. Wannan magana ta fi ƙarfin ɗalibai. Abin da muka lura da shi shi ne, sau uku cikin shekara biyar aka sāke matsayin garinmu da alƙalami a birnin Kano, mu kuwa muna zaune sai dai mu ji a rediyo. In duk girman gari a takardar doka yake, to, ran da aka yage takardar me ya rage?

A ganinmu akwai abin da ya rage, mai yawa ma, amma muna sake da shi.

Ku buɗe Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya juya da Turanci a 1908, Ofishin Fassara na Zariya kuma ya fitar da shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Za ku tarar Sarkin Kano Muhammadu Zaki, wanda bisa lissafin Palmer ya yi sarauta daga 1582 zuwa 1618, a Karaye ajali ya same shi, bayan ya yi yaƙi da Katsinawa. A zamanin magajinsa Muhammadu Nazaki kuwa, Wambai Giwa ya bar birni ya zo ya zauna Karaye, yana kai wa Katsinawa hari daga nan, ya tara dawaki da 'yan lifidi, ƙarfinsa ya kai har aka ji tsoron kada ya yi tawaye, aka tuɓe shi zamanin Kutumbi. Ashe tun shekara ɗari huɗu da suka wuce Karaye ƙofar Kano ce ta yamma. Mukan yi alfahari da wannan, ba mu musu. Amma ku sake karantawa da idon basira. Littafin nan labarin sarakunan Kano yake bayarwa, in ya ambaci Karaye, don wani babba na birni ya sauka can ne, ko ya yi yaƙi, ko ya rasu. Bai gaya mana wanda ya noma dawar da dawakin Wambai suka ci ba, ko maƙerin da ya ƙera masun, ko matan da suka yi ta ɗiban ruwa. Ba laifin marubucin ba ne, nasa garin ya rubuta. Namu fa, wa aka bar wa?

Da muka fita gwajin koyarwa a wata makaranta ta ƙauye a ƙasar Rogo, muka tambayi yaran aji wa ya fara sarautar Kano. Hannuwa suka tashi, kowa na cewa Bagauda. Muka ce to, wa ya sari ƙauyen nan da kuke zaune? Ajin ya yi tsit. Muka buɗe baki za mu yi musu faɗa, sai muka tuna mu ma ba mu san wanda ya sari namu ba. Mun sauke Alkur'ani, mun ƙare makarantar sakandare, muna iya jera kogunan Afirka daga Nilu zuwa Zambezi, amma rijiyar da ke ƙofar masallacin unguwarmu ba mu san hannun da ya haƙa ta ba. Ran nan kunya ta hana mu cin abincin rana da daɗi.

Wani zai ce, to, mene ne amfanin sanin wannan, tun da ba ya fitowa a jarrabawa? Amfaninsa yana ga zaman gari. Iyayenmu sun gaya mana, da can in hanya ta lalace ko katangar masallaci ta faɗi, mai unguwa ne zai sa a yi shela, samari su fito gayya da fartanya da kwando, mata su dama kunu, kafin la'asar an gama. Yanzu kuwa kwata ta toshe a ƙofar gidan mutum, sai ya tsallake ta yana zagin ƙaramar hukuma. Lalle hukuma tana da nata hakki, haraji ake ba ta. Amma yaron da aka nuna wa rijiya aka ce kakanka da abokansa suka haƙa ta ba da sisin kowa ba, da wuya ya zuba mata shara, don ya san tasa ce.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. A 1992 aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye. Ruwa ya kawo kifi da noman rani, mun gode Allah, amma ya rufe gonaki da fadamu, aka sake wa waɗansu mutane mazauni. Waɗanda suka san sunan kowace fadama da ke ƙarƙashin ruwan nan, da wanda ya sare ta, da inda tsohuwar hanyar fatake ta bi, yanzu furfura ta cika musu kai. Duk wanda aka kai makwanci daga cikinsu, da abin da ya sani ake rufe shi.

Akwai masu cewa tonon labarin da ba ya haifar da alheri, don za a tarar da zancen tsafi da Maguzanci, ko a tayar da tsohuwar gardamar gidajen sarauta. Ta farko ba ta da nauyi. Shi kansa Tarihin Kano da Barbushe da tsafin Dala ya soma, kuma da Larabci aka rubuta shi, ba wanda ya ce imanin marubucin ya ragu. Ta biyu kam gaskiya ce, mun san gidaje biyu sukan ba da labari guda ta fuska biyu, kowa na jan ruwa zuwa gonarsa. Maganinta shi ne kada ɗalibi ya mai da kansa alƙali. Ya rubuta abin da wannan ya ce da sunansa da ranar da ya faɗa, ya rubuta na wancan haka nan, ya ajiye su gefe da gefe.

Sai kuma wata magana da za mu faɗa wa junanmu, ko da ba za ta yi wa 'yan Karaye daɗi ba. Muna kukan birni ya rufe mu da inuwarsa. To, kada mu juya mu yi wa Rogo haka. Rogo ce ke bakin iyaka da Katsina da Kaduna, kasuwanninta suna cin mutanen jihohi uku. Zarewa da Fulatan da Beli da Zoza kowannensu yana da tsofaffinsa da limamansa da asalinsa, kamar yadda Yammedi da Turawa da Kurugu suke da nasu. In muka rubuta jerin sarakunan Karaye kaɗai muka ce mun gama tarihin ƙasa, mun maimaita abin da muke zargin wasu da shi ke nan.

Ga abin da muka yi shawara a kai. Hutun nan mai zuwa kowannenmu zai tafi gida da littafin rubutu guda. Zai fara gaida dagaci ya nemi izini, sa'an nan ya zauna da liman, da Sarkin Noma, da Sarkin Pawa, da tsofaffin mata musamman, don su ne suka fi riƙe wa ya auri wa, da shekarar da aka yi yunwa ko fāra. Wanda ke da waya ya ɗauki muryarsu in sun yarda. In an nuna masa tsohuwar takardar ajami, kada ya karɓe ta daga hannun masu ita, ya kwafe a gabansu ya mayar. A nan karatun allonmu zai yi mana rana.

Abu biyu muke roƙo. Shugaban makaranta ya ba mu kanta ɗaya a ɗakin littattafai inda za a jera littattafan nan, Edita kuma ya bar mana shafi guda a fitowa ta gaba, mu fara da ƙauyen nan na ƙasar Rogo inda yara suka yi tsit.