Dogaro Daban, Barantaka Daban

Bafaranshe yakan ce « dépendance », amma Bahaushe ya raba maganar gida biyu. Mai dogaro sanda ya riƙa, ƙafafunsa ke tafiya. Bara kuwa sai abin da ubangida ya sam masa.

A Keita, cikin jihar Tawa, furojen raya karkara ya soma a 1984 da kuɗin Italiya, hukumar PAM tana biyan aiki da abinci. Mata suka fi ɗaukar duwatsu, aka tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa.

To, taimakon nan sanda ne ko akushin ubangida? Amsar tana bakin kowane shingen dutse da ruwa ya karya: in mutanen gari suka gyara da kansu, dogaro ne, in suka zauna jiran baƙo, barantaka ce.