Sharhi: Kafin a kori ma'aikaci kan abin da ya rubuta a waya

A gundumar Gidan Rumji, tun daga Tsibiri har Cadakori da Saye Sabuwa, da wuya a tarar da ma'aikacin da ba shi da salula a aljihu. Malamin makaranta da malamin asibiti da sakataren magajin gari, kowa ya saba da Facebook da WhatsApp. Maganar da a da ta ke ƙarewa a ƙofar gida bayan sallar isha'i, yanzu ta kan kai Maraɗi da Yamai kafin gari ya waye. Saboda haka ya kamata ma'aikata da magabatansu su tsaya su yi tunani a kan tambaya guda: shin daidai ne mutum ya rasa aikinsa don abin da ya rubuta a shafinsa na kansa?

Abin ya riga ya faru a maƙwabta. A Kano, cikin watan Afrilu na 2020, gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sauke kwamishinan ayyuka, Mu'azu Magaji, saboda abin da ya rubuta a Facebook game da rasuwar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban Nijeriya. A watan Fabrairu na 2021 kuma, gwamnan ya sallami mai ba shi shawara kan watsa labarai, Salihu Tanko Yakasai, bayan ya soki gwamnatin jam'iyyarsu a Twitter lokacin da aka sace 'yan mata 'yan makaranta a Jangebe, cikin jihar Zamfara. Dukansu biyu a shafinsu na kansu suka yi rubutun, amma wannan bai hana kujerar kuɓuce musu ba.

Sai dai waɗannan manyan 'yan siyasa ne, wanda ya naɗa su ya na da ikon sauke su a duk ranar da ya ga dama. Ƙaramin ma'aikaci halinsa daban ne. Malamin kwantaragi da ke koyarwa a wani ƙauye na Gidan Sori, albashinsa shi ne hatsin gidansa, shi ne maganin 'ya'yansa, shi ne abin da ya ke aika wa tsofaffinsa. In an kore shi, gida guda aka jefa cikin yunwa, ajin yara kuma ya zauna ba malami.

Gaskiya ne, magana zarar bunu ce. Ma'aikaci ya san cewa ranar da ya karɓi aiki ya karɓi amana. Bai halatta malamin asibiti ya ɗauki hoton majinyaci ya watsa ba. Bai halatta sakatare ya fitar da takardar sirri ta ofis ba. Haka nan zagi da ƙazafi ba su zama halal don an yi su a waya. A yanki irin Gidan Rumji, wanda ke kan iyaka, inda dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka samu mafaka tun 2019, jita-jitar hari guda ta isa ta watse kasuwa, ta kori manoma daga gonakinsu. Wanda ya yaɗa ƙarya irin wannan, laifinsa babba ne.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci kan ɓata suna da zagi da yaɗa labarin da ke iya ta da hankalin jama'a ta hanyar intanet. A 2022 an cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna da zagi, a watan Yuni na 2024 kuma aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Ya wajaba kowane mai salula ya san wannan.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai bambanci tsakanin wanda ya yi zagi da wanda ya koka cewa albashi ya makara, ko aji ba shi da allo, ko rijiyar makaranta ta lalace. Wannan kuka ne, shugaba na gari kuwa amfani ya ke yi da shi, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Magabacin da ya kori mai kuka bai gyara rijiyar ba. Abin da ya yi shi ne ya koya wa sauran ma'aikata su riƙa ɓoye masa gaskiya.

Kuma kora ta na da hanyarta. Dokar ƙwadago ta ranar 25 ga Satumba 2012 ta ce mai aiki ba ya sallamar ma'aikaci sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma kafin ya yanke shawara sai ya ba shi dama ya kare kansa. Wanda aka zalunta ya na iya kai kuka wurin sufeton ƙwadago, in ba a sasanta ba ya wuce kotu. Ma'aikatan gwamnati su ma dokar 2007 ta tsara musu hukunci hawa-hawa: gargaɗi, sa'an nan tsawatarwa, kora kuwa ita ce ta ƙarshe, bayan majalisar ladabtarwa ta saurari mutum. Wannan sauraro ya na da muhimmanci, domin a kan sace shafin mutum a yi rubutu da sunansa, a kan kuma yanke rabin magana a kai wa shugaba don a haɗa shi da na ƙasa da shi.

Saboda haka aiki ya rataya a wuyan ɓangarori uku. Ma'aikaci ya karanta abin da ya rubuta sau biyu kafin ya aika, ya fara kai kukansa ofis ko wurin ƙungiyarsa ta ƙwadago. Shugabannin ma'aikatu su bayyana wa ma'aikatansu a rubuce, da Faransanci da Hausa, abin da aka hana da abin da ba a hana ba, kada su yanke hukunci a ranar da su ke cikin fushi. Malaman yaƙi da jahilci kuma su sa wannan darasi cikin karatunsu, tun da waɗanda suka koyi rubutu a hannunsu su ne ke rubutu a waya yau. Wanda ya yi laifi a hukunta shi gwargwadon laifinsa, wanda ya faɗi gaskiya cikin ladabi a bar shi a bakin aikinsa.