Maƙwabtaka a gonar gwaji

Sakamakon gwajin iri da ya manta da maƙwabtaka bai cancanci a kai wa manomi ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: doguwar dawa tana yi wa gajeriya inuwa, ruwan sama yana kwashe takin wannan fili ya zuba a wancan. Rabon filaye ta ƙuri'a, wanda masanin ƙididdiga Fisher ya kafa a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila bayan 1919, bai hana wannan ba. Masu bincike a Samaru da sauran cibiyoyi su riƙa auna kunyoyin tsakiya kaɗai, su tsara gona yadda kowane iri zai maƙwabci kowanne daidai wa daida. Da wannan lissafi manomi zai zuba kuɗin daminarsa.