Zanen Ƙwaƙwalwa A Kan Zanin Gado: Shawara Ga 'Yan Kasuwar Terminus



Duk mai shiga layin masu yadi a Terminus ya san zane ma magana yake yi. Akwai atamfar siyasa mai hoton ɗan takara, akwai ankon biki, akwai labule mai fulawa. Abin da ba mu da shi shi ne yadin da zai koya wa yaro wani abu game da jikinsa.

A Turai da Amurka ana buga zane-zanen wani likita ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, a kan rigar filo, bargo da labule. An haife shi a 1852, ya rasu a 1934. Ya yi shekaru yana duba ƙwaƙwalwa da madubin likita, yana zana ƙwayoyin jijiya da hannunsa. Ya yi amfani da rinin da Camillo Golgi ɗan Italiya ya gano a 1873. Golgi na ganin jijiyoyin haɗe suke kamar raga, shi kuwa Cajal ya nuna kowace ƙwaya zaman kanta take yi, saƙo ne ke tsallakawa daga wannan zuwa waccan. A 1906 aka ba su kyautar Nobel tare, daga baya bincike ya gaskata Cajal.

Me ya shafe mu? Farfaɗiya. Har gobe a unguwanninmu, yaro na faɗuwa sai a watse, wai yawunsa na yaɗa cutar. Wasu a cire su daga makaranta, yarinya kuma ta rasa manemi. Alhali cutar ba ta yaɗuwa. Saƙonnin waɗannan ƙwayoyin ne ke rikicewa na ɗan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwar idan sun samu magani daidai. Uwar da ɗanta ya tambaye ta "Mama, wannan bishiyar mece ce?" ta samu ƙofar yi masa bayani.

Wani zai ce mai saye kyau yake nema, ba darasi ba. Gaskiya ne, amma zanen yana da kyau. Kamar bishiya yake mai rassa da saiwoyi, ba fuska ba ido, don haka gidan da ke ƙyamar hoton mai rai ba zai ƙi shi ba.

Shawarata ita ce masu sarin yadi daga Kantin Kwari su gwada neman irinsa ko da bandir kaɗan ne. Masu buga riguna su sa gajeren bayani da Hausa a gefe, ɗalibanmu masu karatun likita a Jami'ar Jos su duba shi kafin a buga. Mu fara da rigunan taron ƙungiya na gaba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.

Sakataren Ƙungiya