Wa Ya Ce Mai Yafewa Rago Ne?

Wata magana ta yi yawa a bakin 'yan'uwana ɗalibai duk lokacin da aka taɓo rikicin addini: wai wanda ya yafe wa maƙiyinsa rago ne, wai koyarwar Kirista ta son maƙiyi zancen ranar Lahadi ne, ba ta tsallake ƙofar coci. Ni kam ban yarda ba, ga kuma hujjata.

A 1992, da rikicin Zangon Kataf ya watsu zuwa Kaduna, James Wuye yana cikin jagororin matasan Kirista masu ɗaukar makami. A faɗan nan aka sare masa hannun dama. Shi kuwa Muhammad Ashafa, na ɓangaren Musulmi, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su. Kada wani ya zaci nan take zuciya ta sauka. Wuye da bakinsa ya ce shekara uku suna aiki tare yana ƙulle da niyyar kashe Ashafa, har sai da wani fasto ya tunasar da shi cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuci. Daga nan ya haƙura.

To, jama'a, ina ragwanci a nan? Ramuwa ai ko yaron goye ya iya ta. Amma mutumin da dungulmin hannunsa ke tuna masa kullum safiya, ya danne zuciyarsa ya zauna tabarma ɗaya da abokin gabarsa, wannan shi ne namiji. Ba a banza ba kuwa: su biyun suna cikin waɗanda suka tsaya har malamai da fastoci suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002, suka kuma sasanta mutanen Yelwa da Shendam a 2005.

Wasu za su ce yafiya na binne gaskiya, azzalumi ya sha. A'a. Mai yafewa hakkinsa ya bari, bai hana alƙali aikinsa ba. Abin da ya ƙi shi ne ya bar wa 'ya'yansa gadon gaba.

Masu zuga a rama, mu tambaye su: gida nawa ramuwa ta taɓa ginawa? Allah ya ganar da mu, amin.