Injiniyan takarda ba ya tada famfo

Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. A 2011 an buɗe matatar man fetur ta Damagaram. Duk da haka, sau da yawa in babbar na'ura ta tsaya, sai a zuba ido ana jiran baƙo ya sauko daga jirgi. Laifin wa? Ba na yara ba ne. Cutar tana cikin aji, tun shekarar farko ta karatun injiniya.

Malam ya tsaya gaban allo yana shibta, ɗalibai suna kwafa. Ranar jarrabawa su amayar da abin da suka haɗiye. Yaro ya haddace dokar Ohm, bai taɓa auna wuta da hannunsa ba. Wannan injiniya ne ko magatakarda?

Gyaran ba boyayye ba ne. Malam ya kasa ɗalibai rukuni-rukuni, mutum biyar zuwa bakwai, ba bisa abota ba, su zauna tare har ƙarshen shekara. Kowa ya karanto darasi daga gida. In an shigo aji, a yi gajeren gwaji kowa shi kaɗai, sannan rukuni ya sake amsa tambayoyin nan tare, ana gardama. Sauran lokaci na aiki ne: mataccen famfo a warware shi, faifan hasken rana a auna ƙarfinsa, tubalin ƙasa a gwada nauyin da zai ɗauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gada ma mutum ɗaya bai taɓa gina ta ba.

Masu cewa wasan yara ne, su duba. Jami'ar Aalborg ta ƙasar Danmak bisa aikin rukuni take koyarwa tun kafa ta a 1974. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa a Amurka suka tattara bincike 225 kan darussan kimiyya, lissafi da injiniya: inda ake lacca zalla, kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa, inda ɗalibai ke sa hannu, kusan 22.

Za a ce malalaci zai laɓe bayan mai ƙwazo. To, gwajin kowa shi kaɗai don wa aka yi shi? Za a ce babu kuɗi. Nawa ne kuɗin mataccen injin ban-ruwa? Kowane babban ɗan kasuwa na Maraɗi yana da irinsa jibge a bayan shago.

Marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, bai tsaya ga alli ba: a ONERSOL ya ƙera na'urorin dafa ruwa da zafin rana. Masu tsara manhaja suna yabonsa ranar biki, suna saɓa masa ranar aiki. In ba su sake hali ba, ƙasa za ta ci gaba da biyan kuɗin karatu sau biyu: na ɗanta da ya kwafa, da na baƙon da ya gyara.